Yadda Na Talauta Taubashina A Ɗakin Taro

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, mai kula da wannan shafi da duk masu leƙowa, manya da ƙanana, maza da mata. Allah ya ƙara muku haƙuri da irinmu. Don girman Allah a ɓoye sunana, a ɓoye sunan garinmu, domin idan aka gane ni, wallahi ko akuyar gidana sai ta daina amsa mini. Kuma ina roƙon arziki, kafin wani ya naɗe hannun riga ya hau yi mini wa'azi, ya daure ya karanta har ƙarshe. Zagi dai na riga na zagi kaina, na zagi kaina da safe, na zagi kaina da rana, har na fara maimaita waɗanda na riga na yi. Shawara nake nema, ba ƙarin zagi ba.

Ni magidanci ne, na doshi hamsin, manomi a wani ƙauye da ke arewacin Kano, ba nisa da madatsar ruwa ta Watari. Da damina gero da dawa da gyaɗa, da rani tumatir da albasa. Amma gaskiya ba da noma aka san ni ba, da baki aka san ni. Ni ne mutumin da zai ga ɓera a rumbu ya fito ya ce ya ga ɗan maraƙi. Kowa a garinmu ya san labarina sai an tace shi kamar kamu kafin a sha. Idan na ce mutum dubu sun zo biki, mata a cikin gida za su ce, “To, an kai ashirin kenan.” Haka muke zaune lafiya shekara da shekaru, ni ina ƙarawa, su suna ragewa, ba wanda ya taɓa cutuwa.

Muna da 'yar ƙungiyarmu ta ci gaban gari. Mu ne yashe magudanar ruwa, mu ne gyaran maƙabarta, mu ne cike ramukan hanya idan damina ta cinye ta. Saboda bakin nan nawa aka ba ni kakakin ƙungiya. Daga baya muka shiga wata gamayyar ƙungiyoyin sa-kai da ke cikin birnin Kano, masu fitar da takardar labarai, masu shiri a rediyo, masu kiran taron bita kamar ba su da wani aiki a duniya. Abin da ya kai mu wurinsu guda ɗaya ne: ruwan sha. Ku dubi abin haushi, muna zaune kusa da ruwan da ke shayar da gonaki, amma da zarar bazara ta kama rijiyoyinmu sai su koma ramukan ƙadangaru, matanmu su yi ta tafiya da jarka kamar masu hijira. Burtsatse mai sola muke roƙo. Na je ofishin nan har mai gadinsu ya san takalmina. Kullum amsa ɗaya: “Malam, ana dubawa.”

Yanzu bari in gabatar muku da wanda na cuta. Zan kira shi Ɗanlami, ba sunansa ba ne. Taubashina ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, Gwaggona. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma yana kirana Gangan Banza. Wasan da ke tsakaninmu ba a magana. Ya taɓa tsayawa a tsakiyar kasuwar Kunci ya shelanta cewa na jinginar da wandona a wurin mai tsire, har wani tsoho ya tausaya ya ce zai fanso mini. Ni kuma na taɓa gaya wa surukansa cewa saboda rowa, idan zai yi atishawa sai ya shiga ɗaki ya kulle ƙofa kada iskar ta fita a banza. Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya rama. Ba fushi, ba ƙara wurin kowa. Wasan taubashi kenan, duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san shi.

Amma a bayan wasa, Ɗanlami manomi ne na gaske, irin wanda gona ke jin tsoronsa. Rumbunansa a jere suke a bayan gida kamar wata unguwa. Tunda ya yi aure ba a taɓa auno hatsi daga kasuwa an shiga da shi gidansa ba. Zawarawa da marayun garinmu da yawa daga rumbunsa suke ci, kuma ba za ka taɓa ji a bakinsa ba. Buri ɗaya yake da shi a duniya, sarautar Sarkin Noma, wadda kakansa na wajen uba ya riƙe. A kanta ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a kanta tafin hannunsa ya koma kamar bayan kunkuru. Da tsohon Sarkin Noma ya rasu bara, Dagaci da dattawa suka haɗu a kan cewa bayan kakar bana shi za a naɗa. Har rawani ya saya ya ajiye a akwati. Na sani, don ni na raka shi, ina tsokanarsa cewa kansa ya yi wa rawanin girma sai dai a naɗa masa tabarma.

To, ana nan sai gamayya ta kira bita a wani otal a birni. Wai za a koya mana yadda ake ba da labarin al'umma ya taɓa zuciyar masu ba da tallafi. Ni za a koya wa ba da labari! Na dai je. Ɗakin taron nan sanyin esi ya sa haƙorana suna kiɗan kalangu, ga ruwan roba a gaban kowa, ga alewa a faranti kamar mun zo suna. Mai koyarwar wata Hajiya ce mai gilashi, mace mai kirki, ba zan ci amanarta ba, sai dai rabin Hausarta ta tafi makaranta ba ta dawo ba. Ta ce mana, “Ku daina cewa mutanenmu suna shan wahala. Ba wanda yake kuka saboda mutane. Ku kawo mutum ɗaya, da sunansa, da fuskarsa, mu ji shi a jikinmu.” Sai ta ce kowa ya tashi ya gwada. Wani daga wajen Zakirai ya tashi ya ba da labarin wata tsohuwa, aka tafa masa. Wata ta tashi, aka tafa mata har da tsayuwa. Ni kuma ina zaune ina cewa a raina, waɗannan ne masu labari? A majalisar garinmu ko shayi ba za a saya musu ba.

Layi ya zo kaina bayan an ci abincin rana, kowa ya cika ciki da shinkafa da kaza. Kuma Allah shaida ne, da gaskiya na fara. Na faɗi yadda rijiyoyi ke ƙafewa, na faɗi nisan da mata ke yi, na faɗi ciwon cikin da ke kama mutane idan suka sha na magudana. Ina magana ina dubansu. Wannan yana latsa waya. Wancan yana sakace. Sai wani mai ƙaton tumbi a layin gaba ya buɗe baki ya yi hamma, hammar da na hango abin da ya karya da shi da safe. Ni? Ni za a yi wa hamma? Mutumin da idan ya fara labari a wurin mai shayi har ruwan zafi ke mantawa ya huce? Nan take shaiɗan ya dafa kafaɗata ya ce, ga bawanka Ɗanlami a cikin waya.

Akwai wani hoto da na ɗauke shi da rani, ranar da injin ban-ruwansa ya zame ya faɗa cikin taɓo, ya shiga ciro shi. Singileti a yage, wando ƙafa ɗaya a naɗe, taɓo har gira, ido ya yi ja, baki a buɗe yana zagina don na ƙi kama masa. Na ɗauka ne don tsokana, na kuma tura wa rabin gari a lokacin, kowa ya sha dariya. Shi na miƙa aka haska a majigi, Ɗanlami ya cika bango guda. Na gyara murya na ce, “Jama'a, wannan bawan Allah sunansa Ɗanlami. Yau da gobe sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidansa. Kududdufi ɗaya iyalinsa suke sha da shanu, kuma sai shanun sun ƙoshi.” Na tsaya ina jiran dariya. Shiru. Na ce to bari in ƙara gishiri su gane. Na ce, “Igiya yake ɗaure cikinsa da ita kada hanjinsa ya ji labarin yunwa. Rufin ɗakinsa sararin samaniya ne. Kajin gidansa da kansu suka tattara suka yi hijira gidan maƙwabta, zakaran ne ya ja gaba.”

Jama'a, don Allah ku gaya mini, wane mai hankali ne zai ji an ce kaji sun yi hijira ya ɗauki biro ya rubuta? Wallahi wata a gefena ta rubuta! Da idona na gani! A garinmu da tuni mutane sun faɗi ƙasa suna riƙe ciki, wani ya ce, “Gangan Banza, Allah ya shirye ka.” Amma a ɗakin nan sai na ji ana jan hanci. Mai hammar nan ya ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.” Hajiya ta cire gilashi tana share ido da gefen mayafi. Sai tafi ya ɓarke, tafin da ban taɓa samun irinsa ba tunda uwata ta haife ni. Hajiya ta ce, “Kun gani? Wannan shi ne abin da nake nufi!” Sannan ta juyo ta tambaye ni, “Malam, ya amince a yi amfani da hotonsa da sunansa?”

Nan ne wurin. Nan ne ya kamata in ce, ranki ya daɗe, wasa nake yi, mutumin nan zai iya ciyar da otal ɗin nan da masu gadinsa har shekara ta zagayo. Kalma kaɗan ce, da an yi dariya, da na ji kunya ta yini ɗaya, shi kenan. Amma tafin nan yana kunnena kamar zuma. Sai na ji bakina ya ce, “Haba Hajiya, ɗan'uwana ne fa, tare muka tashi.” Ban ce e ba, ban ce a'a ba, haka na riƙa lallashin kaina a mota. Ƙarya nake yi wa kaina, e na ce, kowa ma e ya ji. Har satifiket suka ba ni na wanda ya fi kowa iya ba da labari, na kawo gida na rataye a bango ina taƙama.

Na ɗauka abin ya mutu a ɗakin taro, kamar yadda duk abin da ake faɗa a bita yake mutuwa a can. Ashe wannan ne kaɗai zai rayu. Bayan 'yan makonni muna zaune wurin mai shayi da safe, rediyo na yi, sai muka ji shirin gamayya. Aka ambaci sunan garinmu, muka gyara zama. Sai aka ce, “Malam Ɗanlami, wanda iyalinsa ke shan ruwa tare da shanu.” Har da kajin! Da wata murya mai sanyi, ana kaɗa wani abin tausayi a ƙasa, aka karanta hijirar kaji kamar labarin yaƙi. Majalisa ta fashe da dariya, ana cewa wane Ɗanlamin ne haka, shi ma yana dariya da kofinsa a hannu. Ni kuwa sai na ture kofina gefe. Kafin azahar hoton ya shigo wayoyin mutane, an yi masa rubutu a ƙasa da Hausa da Turanci, ana neman a taimaka. Daga nan dariyar Ɗanlami ta ɗauke, kuma har yau ba ta dawo ba.

Abin bai tsaya nan ba. Wata Juma'a, an sauko daga masallaci, gari cike da mutane, sai ga wata farar mota a ƙofar gidansa. Wasu matasa ne 'yan birni da riguna iri ɗaya, ba su san ni ba, ban san su ba, a rediyo suka ji suka yi karo-karo don Allah. Suka sauke buhun shinkafa, da ƙullin gwanjo, da bokitai. Suka dubi gidan siminti, suka dubi rumbuna, suka dubi juna. Na ji ɗaya yana cewa, “Wataƙila gadi yake yi a gidan.” Ɗanlami na tsaye cikin babbar rigarsa ta shadda, sai shugabansu ya matso da ladabi ya ce, “Alhaji, don Allah a kira mana Malam Ɗanlami, mabuƙacin nan. Muna so ya riƙe buhun a ɗauki hoto.”

Ina tsaye a wurin. Na so ƙasa ta tsage in shige, ƙasa ta ƙi, ita ma ta san halina. Na ɗauka Ɗanlami zai yi faɗa, da ya yi faɗa da na ji sauƙi. Bai ɗaga murya ba. Ya kama hannun yaron nan ya zagaya da shi bayan gida, ya sa aka buɗe rumbu ɗaya, ya ce da ma'aikatansa su loda dawa a motar har sai tayoyinta sun durƙusa. Sannan ya ce, “Ku mayar da shinkafarku, ku haɗa da wannan, ku kai wa masu buƙata. In an tambaye ku, ku ce daga mabuƙaci ne.” Ya shige gida. Ban ga fuskarsa ba sai bayan kwanaki, a sahun baya a masallaci, mutumin da kullum yake bayan liman.

Matasan nan suka koma suka yi magana, sai ga wayar Hajiya. “Malam, muna jin wasu maganganu, an ce gidan da aka je ba na talaka ba ne.” Kun san me na ce? Na ce, “Ranki ya daɗe, ai Ɗanlami biyu ne a garin, gidan mai kuɗin suka je.” Ta ce, “Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta.” Nata ya kwanta, nawa ya tashi tsaye ya sa takalmi. Na ƙirƙiro Ɗanlami na biyu, mutumin da ba shi da uwa ba shi da uba sai ni.

Yanzu ga inda aka kwana. Dagaci ya kira Ɗanlami a gaban dattawa, ina cikinsu a matsayin kakakin ƙungiya. Ya ce, “Ɗanlami, mu mun san ƙarya ce, mun san abin da ke rumbunka. Amma maganar ta kai gidan Hakimi, ta kai garuruwan da za mu gayyata. Yaya za mu naɗa Sarkin Noma wanda hotonsa ke yawo ana nema masa abinci? Sai an wanke sunanka a inda aka ɓata shi, in ba haka ba naɗin nan sai dai a dakata.” Akwai kuma wani da ya daɗe yana hararar sarautar, ba zan kama sunansa ba, shi ya bi gari yana raɗa cewa ai Ɗanlami da kansa ya sayar da hotonsa don ya ci kayan tallafi, da asiri ya tonu ne ya yi wasan loda dawa. Mutumin da ke ciyar da marayu a ɓoye, yau shi ake cewa ya yi shigar tsiya don ya ci sadaka! Kaka ta kusa, an fara yankan gero, rawani yana akwati.

Za ku ce yaya aka yi bai zarge ni ba, alhali ni ke zuwa bita? Ya tambaye ni, sau ɗaya. Na ce ai hoton nan yana wayar rabin gari, wa ya san wanda ya tura. Ya gyaɗa kai ya ce, “Na sani ba kai ba ne. Kai bakinka ba linzami, amma ba ka taɓa fitar da ni waje ba. Wasanmu a gida yake tsayawa.” Wallahi da ya ɗauki fartanya ya sara mini a ka da ya fi mini sauƙi. Shi duk zarginsa yana kan mai hararar sarautar nan, har sun daina gaisawa, 'ya'yansu ma sun fara harare-harare a gona.

Sai kuma Gwaggo. Na je gaishe ta da safe kamar yadda na saba, na same ta a kan tabarma da carbi, ta rame. Tsohuwar da ta goya ni lokacin da mahaifiyata ke jinya. Ta ɗaga hannu sama ta ce, “Duk wanda ya yi wa ɗana wannan tozarci, Allah ya tona asirinsa a tsakiyar kasuwa, Allah ya sa bakin da ya yi maganar ya zame masa abin kunya.” Na sunkuyar da kai. Ta ce, “Kai, ba ka ji ba ne? Ka ce amin mana, ɗan yayana.” Jama'a, na ce amin. Da bakina. Ta ce, “Ƙara ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi.” Na ƙara ɗagawa. Tun ranar ko tuntuɓe na yi a kasuwa sai in ce to, ga addu'ar Gwaggo nan ta iso.

Matata ma ta fara shinshino wani abu. Rannan tana shara ta tsaya ta ce, “Malam, wai me satifiket ɗin nan ya yi maka ka juya shi yana kallon bango?” Na ce ƙura ce ke ɓata shi. Ta ce, “Ikon Allah. Ƙurar ma ta san gaba da baya.” Ta ci gaba da shararta, amma kallon da ta yi mini ya isa a daka shi a yi yaji.

To me ya hana ni fitowa in faɗi gaskiya? Ku saurara, a nan ne haushina yake. Saboda labarin nan, an amince da burtsatsenmu. E, shi fa! Wanda na yi shekaru ina roƙo da gaskiya tsirararta ana ce mini ana dubawa. Kaji suka yi hijira sau ɗaya, sai ga injiniya a garinmu da na'urar auna ƙasa. Har sun kafa turke sun shafa masa jan fenti a inda za a haƙa, an ce motar haƙa na nan tafe bayan kaka. Mata idan sun wuce wurin da jarkokinsu sai su tsaya su yi mini addu'a, wata tsohuwa har ƙwai ta aiko mini. Kuma a bitar da aka yi ta baya-bayan nan gamayya ta karanta mana sabuwar doka: duk ƙungiyar da aka kama ta kawo labarin ƙarya, ko ta yi amfani da hoton mutum ba da yardarsa ba, za a cire ta daga gamayya, a tsayar da duk aikin da ake yi mata. Ina zaune a layin gaba ana karantawa, Hajiya har tana nuna ni tana cewa a yi koyi da irin su Malam.

Ni ban ce dokar ba ta da kyau ba. Amma don Allah ina take lokacin da ake koya mana yadda za mu sa mutane kuka? Wa ya ce a kawo fuska? Wa ya yi hamma da aka faɗi gaskiya, ya yi tafi da aka yi ƙarya? Mutanen da za su buga labarin mutum a rediyo, jiha guda ta ji, ba wanda ya ce bari in hau mota in je in ga Ɗanlamin nan da idona, in tambaye shi ko da gaske kajinsa sun tafi! Tafiyar da ba ta kai a yi sallah biyu a hanya ba! Suna zaune cikin esi suna auna wahalarmu da yawan hawayen da ta jawo, ƙishirwar gaske ba ta ishe su ba sai an yi mata kwalliya. Kuma a ce mutum Bahaushe ne, an haife shi a Kano, amma ya ji ana wasan taubashi bai gane ba? Wallahi idan na tuna sai in ji kamar in tafi ofishin nan in cire esin in jefar a titi. Sai kuma in tuna cewa duk abin da suka yi, ba su suka buɗe wayata ba. Ni na buɗe. Ni na san wane ne Ɗanlami, su ba su sani ba. Wasan da aka yarda in yi a gaban waɗanda suka san shi, na ɗauka na kai gaban waɗanda ba su san shi ba, don a tafa mini. Idan na gama zagin mutanen birni, a ƙofar gidana zagin yake kwana.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, jiya Ɗanlami ya same ni a gona ina yankan gero. Bai ce Gangan Banza ba. Ya kira ni da sunana na yanka, sunan da rabon da in ji shi a bakinsa tun muna makarantar allo, har na waiga ina neman wanda ake kira. Ya tsuguna a kan kunya, ya daɗe yana murza zangarniya a hannu, sannan ya ce, “Ranar Litinin za ka raka ni birni. Kai ka san ofishin mutanen nan, kai suke jin maganarka. Zan tsaya a gaban Hajiyar nan in tambaye ta wanda ya ba ta hotona, sannan su koma rediyo su faɗa wa duniya ƙarya ne. Ba na son kowa ya raka ni sai kai, don kai kaɗai na yarda da shi.” Na ce to. Me zan ce? Har ya ce a bar mashin ɗina, a nasa za mu je, ya riga ya sha mai.

Ku duba mini. Idan na bari muka shiga ofishin nan tare, Hajiya za ta taso da fara'a ta ce, “Ga gwarzonmu!” ta dubi Ɗanlami cikin babbar rigarsa ta dubi hoton da ke manne a bangonta, shi kenan, a gabanta zai ji. Idan na riga na gaya masa a gida, wataƙila ya samu rawaninsa, amma ni na rasa shi, na rasa Gwaggo, kuma da zarar an wanke shi a rediyo turken nan mai jan fenti sai dai a ɗaure akuya a jikinsa, matan gari su san wanda ya kawo musu ruwa ya kuma kwashe. Idan kuma na yi ciwon ƙarya ranar Litinin, na ci gaba da kiwon Ɗanlami na biyu, za a sha ruwa, amma mutumin da bai ci na kowa ba zai mutu ba a naɗa shi ba, ana nuna 'ya'yansa ana cewa ga 'ya'yan mai cin sadaka. Na yi tunanin in je wurin Hajiya ni kaɗai kafin ranar, in durƙusa in ce a kore ni ni ɗaya a bar wa mata ruwansu, amma doka ƙungiya ta ce, ba mutum ba, kuma ban san ko masu karanta doka a takarda suna jin roƙo ba.

Ni da nake da amsar kowace magana a majalisa, yau bakina ya mutu. Wanda ya san aikin ƙungiyoyin nan ya gaya mini ko akwai ƙofar da ake bi. Malamai su gaya mini wanne ya fi nauyi a wurin Allah, ƙishirwar gari ko mutuncin mutum ɗaya da ni na zubar. Wanda kuma yake da taubashi ya gaya mini da wace fuska ake fara irin wannan magana. Litinin na matsowa, mashin ya sha mai, kuma ni ne zan zauna a bayansa in riƙe kafaɗarsa har birni.

Don Allah jama'a, me zan yi?